Kan Ottilie Bai Motsa Ba

Ƙarfe goma na safe, ana yayyafi mai sanyi a Leipzig, na shiga zauren kiɗa da akwatin aikina. Ni mai gyaran fiyano ne. Kunne gare ni, amma rubutun kiɗa ko ɗigo ban iya karantawa ba. Shekara biyu ina juya wa Ottilie shafi in tana kaɗa fiyano a gidansu, in ta ɗan sunkuyar da kai sai in juya. A haka muka fara son juna.

Mahaifinta, Herr Lindtner, shi ya rubuta kiɗan da za a gwada, mai gudu kamar wutar daji, makaɗa arba'in na mara wa Ottilie baya. Burinsa ya zaga birane da ita, aure kuwa ba ya cikin zancen.

"Veit, an ce 'yata kake nema?" Da ƙarfi ya faɗa, don kowa ya ji.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To zauna. Juya mata har ƙarshe ba kuskure, sai mu yi magana."

Na zauna gefenta, na ce a hankali, "Masoyiyata, kamar kullum..."

Ba ta kalle ni ba.

Kiɗa ya tashi. Yatsunta na tsere, ni kuwa kanta nake kallo. Shiru... bai motsa ba. Ta ƙare shafin, ta ci gaba da ka, ina riƙe da takarda kamar gunki. Na ruɗe, na juya biyu a haɗe.

Herr Lindtner ya buga sandar da yake jagorantar makaɗa da ita. "Kun gani? Surukin nawa kenan!"

"A ba shi guduma, ita ce littafinsa!" in ji wani mai goge. Zaure ya ɗauki dariya.

"Ottilie... mantawa kika yi?"

"Ban manta ba."

"Shi ya hana ki?"

"Ni na gaya masa sirrin, Veit, cewa ba ka iya karatun kiɗa ba! Shekara goma sha huɗu yana gina hannun nan. In kai shi wanke tukwanenka?" Hawaye na zuba, amma muryarta ko rawa.

Na tashi. Suka sake daga farko, ina tsaye bayan labule. Can sama-sama na ji ɗaya daga wayoyin fiyanon ta saki, daidai inda take ƙarasa gudun ƙarshe.

Da suka fita cin abinci na ɗauko makullin gyarana na ɗaure wayar. Ottilie ta dawo ɗaukar mayafinta, ta taɓa wurin sau ɗaya, ta ji ya daidaita, ta rufe fiyanon ta fita.