Mai Rakiya na Tsohuwar Gazaura

Ku matso kusa. Ladiyo, rage fitilar nan, kalanzir ba daga rijiya ake ɗebo shi ba. Kai kuma Ɗanliti, in ka san anjima za ka hana ni barci da kuka, tashi tun yanzu ka shige ɗakin Gwaggo. Ba ka tashi? To, ka ji da kanka.

Labarin Nomau ne, mai liƙin roba. Dogon mutum, ba ya da yawan magana. Yana da wani tsohon keke, da ɗan kurfoti ɗaure a baya, da ƙarafan liƙi a cikin buhu. Ƙauye-ƙauye yake bi, yana liƙe wa mata bokiti da buta da baho in sun tsage. Matarsa Hansai ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗaki ɗaya yake haya a Tashar Kanya, a wani gida mai cike da mutane. In zai fita da sassafe ba mai ce masa a dawo lafiya. In ya dawo ba mai ce masa sannu da hanya. Ya buɗe kwaɗonsa, ya jiƙa garin kwaki, ya kwanta.

Abu ɗaya ke masa daɗi a duniya, tambayar tsofaffi. Duk garin da ya sauka, yana hura gawayi yana tambaya. Wa ya sari garin nan? Wancan tudun na mene ne? Ina mutanen unguwar can suka tafi? Yara har dariya suke masa, wai mai liƙi ya zama malamin tarihi. Shi kuwa ba ilimin ne ya dame shi ba. In tsoho ya fara ba da labari, yakan daɗe zaune kusa da kai. Wannan zaman shi Nomau ke so.

Wata rana da farkon damina, gero bai wuce gwiwa ba, ya sauka wani ɗan ƙauye. Wata tsohuwa, Iya Daso, ta kawo masa baho. Yana liƙi ya hango wata siririyar hanya ta yi gabas, ciyawa ta kusa cinye ta.

Ya ce, "Iya, waccan hanyar ina ta nufa?"

"Ba ta nufi ko'ina ba."

"Hanya guda?"

"Tsohuwar Gazaura ce. Kufai. Tun da aka ja kwalta ta can gefe mutanenta suka kwashe suka koma bakin titi. In ka ratsa, ka faɗa Sabuwar Gazaura kafin la'asar. Amma ɗan nan, ba a bin ta mutum ɗaya."

"Ɓarayi ne?"

"Ɓarawo me zai sata a can? Liƙe mini bahona."

Kun san halin mutum. Da ta ce masa ɓarayi ne da ya haƙura. Rana na tsaka ya ɗaure kayansa, ya bi hanyar.

An yi ruwa da safe, yashi ya jiƙe, keke ya ƙi tafiya. Sai ya sauka yana turawa. Ya wuce gonaki, ya shiga saura. Can ya ga wani dogon tudu ya yi zobe, bishiyoyi sun fito a kansa. Tsohuwar ganuwa ce. Ya shiga ta inda ta rushe.

Shiru.

Ba kurciya, ba gyare. Ƙarar sarƙar kekensa kawai yake ji, ƙis, ƙis, ƙis.

A bakin wata tsohuwar rijiya ya ga mutum zaune. Dattijo ne, sanye da rigar saƙi irin wadda ba a ɗinkawa yanzu. Nomau ya yi sallama.

Dattijon ya ɗago kai a hankali. "Maraba da baƙo. Maraba. Ka yi haƙuri, ɗana, ba ni da ruwan da zan ba ka. Guga ya daɗe da tsinkewa."

"Ba komai, Baba. Nan ne Gazaura?"

"Nan ne. Kana son ka gan ta?"

Haba, an zo wurin. Nomau ya ce yana so.

Dattijo ya miƙe ya shiga gaba. Ya nuna masa wasu ramuka jere, ciyawa ta cika su. Ya ce marina ce, daga nesa ake kawo zane a rina a nan. Ya nuna masa wani wuri da ƙasarsa ta yi baƙi, ya ce maƙerar Ɗangoje ce, wanda fartanyarsa ba ta karyewa. Ya nuna masa wani fili ƙarƙashin kanya, ya ce zangon fatake ne, nan suke sauke kanwa su ɗauki goro, jakuna har ba wurin taka ƙafa. Gida-gida yake faɗa masa sunan mai shi, da sunan ubansa, da abin da ya kashe shi. Nomau bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Suka zo wani ɗan tudu. Dattijo ya ce, "Nan Barmani ke zama da ƙwaryar furarta. Haka take kira." Ya buɗe baki.

"Ga fura da nono! A zo a saya!"

Muryar mace ce. Ba kwaikwayo ba, Ladiyo. Muryar yarinya budurwa, har da ɗan dishi-dishin wadda ta wuni tana talla. Daga bakin tsohon nan ta fito.

Nomau ya kau da ido daga bakin tsohon. Ya sunkuyar da kai. A nan ya ga ƙasa.

Ga sawun tayarsa a jiƙaƙƙen yashi. Ga sawun takalminsa. A gefensa, inda dattijon ke takawa, yashi sumul. Ciyawar da ya ratsa ko lanƙwasawa ba ta yi ba.

Nomau ya fara addu'a a zuci. Sannan ya ce, "Baba, rana na yi. Zan wuce."

"To, madalla. Bari in taka maka."

Ku kun san yadda ake yi. In baƙo zai tafi, mai gida ya tashi ya raka shi. Mai rakiya kuma ba ya juyawa don kansa, abin kunya ne. Baƙo ne zai tsaya ya ce a koma haka, an gode. Ko ke Ladiyo kin san wannan, da ƙuruciyarki.

Suka kama hanya, keke a tsakaninsu.

Dattijo ya ce, "Su ba su bari na taka musu ba."

"Su wa, Baba?"

"Mutanen garin. A ɓoye suka kwashe. Har bakin awaki suka ɗaure, don kada in ji in bi su sabon wuri. Ni da nake tsare musu rijiyar nan tun kakannin kakanninsu. Ba bin su zan yi ba. Ƙofar gari kawai zan kai su, su ce in koma, in koma."

Nomau ya ci gaba da tura kekensa. Tsoro yake ji, amma tausayi ya fi tsoron yawa.

Can dattijon ya ce, "Tarin nan da kake yi, tun yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"Ka sha wani abu?"

"A'a."

"Wa ke maka girki?"

Nomau ya dube shi. Ya manta rabon da wani ya yi masa irin wannan tambayar. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya faɗa masa Hansai, yadda take ajiye masa ɗumame a rufe, yadda take tsayawa bakin zaure har ya sha kwana. Ya faɗa masa yadda ɗakin yake yanzu in ya shiga. Dattijo yana ji, yana gyaɗa kai, bai katse shi ba ko sau ɗaya.

Suka fita ganuwa ta ɗaya gefen. A nan ya kamata ya sallame shi. Ya buɗe baki, sai ya ce a ransa, bari mu kai wancan marken. Suka kai marke. Ya ce bari mu kai wancan kwarin. Suka wuce kwari. Hira ta yi daɗi, wallahi ta yi daɗi.

Sai ya lura inuwarsa na nan ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta gusa ba. Rana tana inda take.

Ya dubi gefen hanya. Ciyawar da ya bari iya idon sawu ta kai masa kafaɗa, har ta fid da kai. Tayoyin kekensa duk biyun sun sace, suna jan ƙasa. Bai ji yunwa ba, bai ji ƙishi ba.

Sannan ya ji taku a bayansu.

Ba na mutum ɗaya ba. Saɓ, saɓ, saɓ, a hankali, irin tafiyar waɗanda ba sa sauri. Bai waiwaya ba.

"Baba, su wa ke bayanmu?"

"Baƙina ne."

"Baƙi?"

"Wani ɗan koli ne. Da wani makiyayi da shanunsa suka ƙare. Da wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka tafi birni ba su ƙara leƙo ta ba. Akwai wasu. Ba su sallame ni ba tukuna."

"Ba sa gajiya?"

"Ba sa gajiya. Ba sa isa kuma." Dattijon ya dube shi. "Ni ba na riƙe kowa, ɗana. Baƙo ke sallamar mai rakiya."

Ga maganar nan ƙarara. Kalma kaɗan ce tsakaninsa da mutane, kuma a bakinsa take. Amma Nomau ya ci gaba da tura keke. Ya ce a ransa, to in na koma wa zan tarar? A nan ga mai tambayar tarina. Ya yi tafiya mai nisa a haka, yana kuka ba sauti.

Abin da ya tsayar da shi, Hansai ya tuna, ranar da aka kai ta. An yi mata wanka, an yi mata sutura, mutane sun yi sahu sun sallace ta, an sa ta a ƙasa kusa da iyayenta. Waɗannan na bayansa fa? Ba su raye cikin mutane, ba su mutu an binne su ba. Ya ce a ransa, ai ni ma ina da maƙwabta. Yanzu haka suna can suna cigiyata.

Ya ja birki, ko da yake keken ba gudu yake ba. Ya tsaya.

Takun baya ya tsaya.

Ya ce, "Baba, a koma haka. Na gode."

"Tun yanzu?"

Da muryar ƙaramin yaro dattijon ya faɗe ta. Irin yaron da uwarsa za ta tafi unguwa ta bar shi. Nomau ya dafa sirdin keke.

"A koma haka, Baba. An bar gida ba kowa."

Dattijon ya sake magana. Wannan karon muryarsa ta tsufa ce ta dawo.

"Ba kowa kam," ya ce. "To. Allah ya kiyaye hanya. Ka gai da mutanen gida."

"Za su ji."

Nomau ya tura keke. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar gingimari, ga kwalta a gabansa. Rana ta yi yamma lis. Gonakin bakin titi duk an girbe, ga dammunan gero an jera. Ya shafa fuskarsa ya ji gemu cike da hannu. Damina guda ya yi a hanyar nan.

A Sabuwar Gazaura ya tarar da samari a rumfar mai cajin waya. Ya tambaye su ko akwai jikokin Ɗangoje maƙeri, ko dangin Barmani mai fura. Suka dubi juna, suka ce ba su taɓa jin sunayen ba. Ɗaya ya ba shi ruwa, ya nuna masa mai faci.

Washegari ya kama hanyar Tashar Kanya. Yana ta shirya abin da zai ce. Lallai an neme shi asibiti-asibiti. Wataƙila an fasa ɗakin. Wataƙila har an yi masa sadaka, in suka gan shi su watse da gudu. Ya ce zai fara da ba su haƙuri.

Ya shiga gidan da sallama. Yara na wasa, ba wanda ya ɗago. Ƙofarsa na nan yadda ya bar ta, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Maƙwabciyarsa Lantana tana wanke-wanke a bakin rariya. Ta juyo ta gan shi.

"A'a, Malam Nomau. Ka ɗan yi tafiya ne? Dama bokitina ya tsage tun shekaranjiya."

Ya tsaya riƙe da keke. Ya dube ta, ya dubi gidan.

Ya ce, "Kawo."

Ya hura gawayi, ya liƙe mata bokiti. Sannan ya buɗe ɗakinsa ya shiga, ya zauna bakin tabarma. An ba shi saƙon gaisuwa, ya kuma ce za su ji. Ya dubi bango, ya dubi ƙofa. A hankali ya ce, "Baba na Gazaura yana gaishe ku."

Hanyar tana nan har gobe, ta bayan ƙauyen su Iya Daso. Kada wanda ya kuskura ya bi ta shi kaɗai, ko da rana tsaka, ko don yanke. Ku tafi ku biyu, ku uku, kuna hira da ƙarfi. In kuwa tsautsayi ya kai ɗayanku, wani dattijo ya ce bari ya taka masa, to ya sallame shi tun a bakin ganuwa. Kada ya ce bari mu kai wancan marken.