Muryar 'Yar Tsana

Duk layin an san Injiniya da ɓarna mai amfani. Shi ne zai farke mataccen rediyo ya ciro lasifika ya dasa wa motar roba, ko ya sa wa 'yar tsana ɗan abin ɗaukar murya, a danna cikinta ta maimaita abin da aka faɗa.

Magariba ta kawo jiki, yana tattara wayoyi, sai ga wata mata tsaye a ƙofar shagon. Bai ji takunta ba, alhali tsakuwa ce shimfiɗe a wajen. Ta miƙo masa 'yar tsana mai jiƙaƙƙen gashi, sanyi ƙalau kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa.

"A sa mata murya," in ji ta.

Ya farke bayan 'yar tsanar, ya liƙa wayoyi da dalma. Kamar yadda ya saba in zai gwada aiki, ya danna ɗauka, ya ja matar da hira.

"Ta 'yarki ce, baiwar Allah?"

"Tata ce."

"A ina kuke zaune?"

"Kusa da ku."

Ya danna cikin 'yar tsanar. Muryarsa ta fito tar, tambaya bayan tambaya. Gurbin amsoshinta kuwa babu komai sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis.

Ya sake dannawa.

"Kada ka wahalar da kanka, ba ta ɗaukar irinmu," in ji matar, yanzu daga bayan kujerarsa. "Muryar autarka nake so, wadda ke waƙa kullum a bakin rijiya."