Mai Riƙe Sirdin Keken Kefas

Malam Kefas, malamin makaranta a Samaru, shi ya hana manoma ajiye wa mutumin daji ƙwaryar fura a bakin gona. Ya ce musu ya karanta a jarida, Turawa ma sun hau duwatsu neman irinsa, sawu kawai suka gani. Kowace ƙasa da irin tatsuniyarta.

Ran wata Lahadi ya yi dare a Muchia wajen Salome, wadda zai aura. Yana wuce gidajen ƙarshe sarƙar kekensa ta tsinke. Ga mil shida a gabansa, ko kwaɗo ba ya kuka. Yana cikin turawa sai ya ji keken ya yi sauƙi, wani ya kama sirdin ta baya. Warin jiƙaƙƙen bunsuru ya cika masa hanci.

"Sannu, baba," in ji Kefas, bai waiga ba.

"Yawwa, ɗana." Muryar daga can sama ta sauko, inda kan mutum ba ya kaiwa. "Damina biyu ke nan ba wanda ya gaishe ni. Taka a hankali, mu daɗe."