Agogon da Ya Sa Na'ura Kuka

"Cire rigar aikin ki tafi gida," in ji shugabarmu. "Bajonki ya nuna kin kwashi tiriri fiye da ƙima."

Na tsaya sororo. Bajon nan ɗan abu ne da muke maƙalawa a ƙirji, yana auna duk tiririn nukiliyar da ya same mu a ɗakin gwaji. Ni fa bincikena kenan, yadda tiriri ke gurɓata ƙasa da ruwa. Ni ce mai damun kowa da mitar safar hannu. To a ina na kwaso?

Kafin la'asar labari ya kai kunnen mahaifiyar saurayina, Mai Agogo. Wani abokin aikina da na taɓa ce wa a'a ne ya yi wannan ɗawainiyar, sannunsa da ƙoƙari. Dama Umma, mahaifiyar tasa, ta daɗe tana cewa mai aiki da guba ba za ta haifa mata jika lafiyayye ba.

Na sami Mai Agogo a shagonsa, ya tasa wani agogon bango a gaba ya kasa taɓa shi.

"Ta ce a janye maganar auren, abar ƙaunata..."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce in ba ke ba, sai dai in tsufa a cikin agogunan nan."

Wallahi na ji daɗi har raina, amma tambayar inda na kwaso tiririn ta ƙi barina.

Washegari na roƙi shugaba ta ara mini na'urar awo. Na bi teburina, shiru. Takalmana, shiru. Ina kai ta kan rigar aikina sai ta ɗauki kuka, ƙas-ƙas-ƙas.

Ɗan tsohon agogon aljihun da Mai Agogo ya ba ni ne, yana jikin rigar. Ni da kaina na maƙala shi dab da bajon, don in riƙa kallonsa idan kewa ta taso. Masu yin agogo na dā sukan shafa wa lambobi fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske a duhu. Hasken ya daɗe da mutuwa, tiririn kuwa yana nan daram. Kunya ta kama ni, dariya ma ta kama ni.

Na kira shi. "Masoyi, ina ka samo agogon nan?"

"A akwatin marigayi Baba. Cike yake da irinsu, har da kwalaben fentinsa. Yana ƙarƙashin gadon Umma."

Nan take dariyar ta ɗauke.

Umma ta karɓe mu fuska a ɗaure. Na durƙusa na gaishe ta.

"Umma, ba maganar aure ta kawo ni ba. Izini nake nema in auna ɗakinki."

"Ɗakina? Ke da kike yawo da gubar?"

"A fara da ni to."

Na miƙa wa ɗanta na'urar, ya bi jikina da ita daga kai har ƙafa. Shiru. Umma ta gyara zama, ta ƙura wa abin ido.

"Shigo," ta ce a taƙaice.

Tun kafin in sunkuya bakin gadon na'urar ta rikice. Umma ta dafe ƙirji.

"Kayan mahaifinsu ne... Su kaɗai suka rage mini."

Na san abin da zan faɗa zai iya rufe mini ƙofar gidan nan har abada. Na faɗa ɗin.

"Dole a ɗauke su, Umma. Kada a buɗe, kada a share ƙurar. Masu aikin kwashe irin wannan za su zo da kayansu, ke kuma likita ya duba ki. Ki ƙi ni in kin so, amma ba zan bari ki sake kwana a kansu ba."

Hawaye ya gangaro mata, ta sa gefen mayafi ta share.

"Abin naki yana gajiya ne?"

"A'a, Umma."

"To taso. Akwai ɗaki a can baya, ki auna mini shi lungu-lungu."

"Na wane ne?"

Ta harare ni.

"Ji mini yarinya da tambaya. Ni zan sa surukata a ɗakin da ba a auna ba?"