Baƙuwar Kujerar Baya

Ganyen ayaba muka je yankowa, da ɗanyar kwakwa, ba wani abu ba. Cikin 'yata Rusdiana ya shiga wata na bakwai, washegari kuma za a yi mata wankan al'ada da ake yi wa mai cikin fari a wurinmu. Ƙanwata Jumantan ke da lambu a ƙauyensu, can bayan garin Kandangan, ita ta ce mu zo mu ɗiba iya son ranmu.

Motar ta mijin Rusdiana ce, Sahrani, wanda ke aiki a wurin haƙar kwal, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Irin motocin nan ne na yanzu da ba a zura musu makulli. Makullin yana ajiye a gefe, a danna wani maɓalli ta tashi. Kujerar direba ma da maɓalli take tafiya gaba da baya, tana ɗan kuka kamar keken ɗinki. Da ta fara gudu kuma sai ta kulle ƙofofinta da kanta, ka ji ƙwas. Ni dai ban taɓa sakin jiki da ita ba.

Da rana Rusdiana ta kwashi jikokin Jumantan ta kai su sayen ƙanƙara, ɗaya daga cikinsu ya kusa buɗe ƙofa ana cikin tafiya. Da suka dawo ta kira ni ta nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefen ƙofofin baya. Ta tura shi ƙasa, ta ce sunansa makullin yara, yanzu ba mai buɗe ƙofofin nan daga ciki, sai dai daga waje. Na ce wannan kam an yi dabara. Muka manta da shi.

Ruwan sama ne ya riƙe mu har rana ta yi ja. Jumantan ta ce mu kwana, mai ciki ba ta hanya da magariba. Ni ma haka na ce. Rusdiana ta ƙi, wai matan unguwa da asuba za su fara naɗe shinkafar taron a ganyen, da me za su naɗe? Tun tana ƙarama in ta kafe ta kafe.

Sai na yi abin da zan iya. Na ciro ɗan almakashin da uwata ta maƙala mini lokacin da nake da cikin Rusdiana, na maƙala mata a gaban riga. Na kuma shimfiɗa ganyen ayaba da kwakwar a kujerun baya, domin a wurinmu ba a barin kujera babu kowa in za a yi tafiya da almuru. Wurin zama in ya zauna fili, akwai masu ganinsa.

"Mama, aljanin da almakashin yanke zare zai kora ai bai cika aljani ba," in ji ta, tana dariya.

Na ce ta dai bar shi a jikinta. Almakashin ta bari, amma ganyen da kwakwar ta kwashe su tas ta mayar but ɗin mota, wai ruwansu yana ɓata kujera, Sahrani zai yi wata guda yana mata ƙorafi. Na jefa jakata a kujerar da ke bayana. Ta bayan Rusdiana ta zauna babu komai.

Hanyar ta ratsa cikin gonar kwakwar manja. Itatuwa jere, duk iri ɗaya, ƙarƙashinsu har ya yi duhu tun sama ba ta yi ba. Kwaɗi suna ta kuka. Laka tana fallatsa a jikin ƙofa. Rusdiana tana ba ni labarin sunayen da ta zaɓa, ni kuwa idona yana kan rana.

A wata kwana muka tarar iska ta kayar da wani babban reshe a tsakiyar hanya. Ta tsaya, na fita na ja shi gefe, ƙayarsa ta soke ni a tafin hannu. Na dawo na zauna, na sauke gilashi zuwa rabi don in yarfe ruwan hannuna.

A nan na gan ta.

Mace ce tsaye a bakin kwalbati, ta rufe kai da zani, riƙe da kwando. Ba ta kallonmu. Ƙasa take kallo.

Ku da kuka san mutanenmu kun san ba a wuce mutum a hanya haka kawai. In kana cin abinci ka ce bismillah, in kana kan abin hawa ka ce a zo a rage hanya. Ba wai ana nufin a zo ɗin ba ne. Gaisuwa ce. Shi kuma ya ce na gode, ku je, kowa ya kama gabansa. Haka aka rene ni, bakina ya riga tunanina.

"Baiwar Allah, zo mu rage miki hanya mana."

Ba ta ce na gode ba.

Rusdiana ta sa giya. Kafin taya ta juya sai na ji ƙofar baya ta buɗu. Ta rufu a hankali, kamar yadda mai kunya yake rufe ƙofar gidan mutane. Bayan motar ya lotsa ƙasa, ta gefen direba.

Muka fara tafiya. Ƙwas, motar ta kulle kanta.

Na kalli madubin gefe. Babu kowa a bakin kwalbati.

Wata 'yar fitila ja ta kama a gaban Rusdiana, mai hoton mutum zaune, wadda ke kamawa in wani bai ɗaura bel ba. Ni na ɗaura. Ita ma ta ɗaura. Motar ta fara ƙara, tin, tin, tin.

Sai wari. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, da furannin da muke watsawa a kan kabari in sun kwana biyu.

"Mama," in ji Rusdiana, da kyar na ji ta.

"Kar ki tanka. Kar ki kalli madubi. Tuƙa."

Abin da ba a tanka masa ba, wani lokaci yakan gaji ya tafi. Na shiga karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, in na kai tsakiya sai ta ɓace mini, in koma farko. Daga nesa wani masallaci ya ɗauki kiran sallah. A bayan wuyana ina jin ruwa yana ɗiga a kan kujera. Hannun Rusdiana ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan cikinta.

Muka iso tsohuwar gadar katako, ruwan ƙarƙashinta baƙi kamar shayin da ba madara. Aka ƙwanƙwasa bayan kujerar Rusdiana da farce.

"A nan," in ji wata murya. Muryar tsohuwa ce, a sanyaye, har da ladabi.

Na taɓa gwiwar Rusdiana, ta taka birki a tsakiyar gada. Har na fara yi wa Allah godiya. Ta iso inda za ta, za ta sauka.

Aka ja hannun ƙofar baya. Ƙyat.

Ba ta buɗu ba.

Ƙyat. Ƙyat.

Kwaɗin suka daina kuka.

"Kun kira ni," in ji muryar, "kun rufe ni."

Injin ya mutu. Wani abu ya daki gilashin baya da ƙarfin da motar gaba ɗaya ta yi tsalle. Ita kuwa motar ta ɗauka ɓarayi ne, ta ɓarke da jiniya, fitilu suna walƙiya, ƙofofi suka sake datsewa. Na ja hannun ƙofata, yana tafiya fayau kamar an tsinke masa igiya.

Sai na ji kukan keken ɗinkin nan.

Kujerar Rusdiana ce take tafiya gaba.

Ta lalubi maɓallin a gefenta tana dannawa, kujerar ba ta saurare ta ba. Gwiwoyinta suka haɗu da gaban mota. Bel ɗin ya ja ya shige cikin wuyanta. Sitiyarin ya taɓa cikin, ya fara nutsewa a ciki.

Ta buɗe baki, ihun bai fito ba.

Na kai hannu zan riƙe kujerar. Aka damƙi ɗankwalina da gashina daga baya, aka buga fuskata a gaban mota. Na ji haƙorana na gaba sun karye. Aka ɗago ni aka sake bugawa. Jini ya cika mini hanci, gishiri-gishiri. Nawa bel ɗin ma ya ɗaure ni har haƙarƙarina yana ƙara.

Kujerar ba ta tsaya ba. Ƙirjin Rusdiana ya danne hon, ya haɗu da jiniyar, gadar duk ta ɗauka.

Na fizgo almakashin daga rigarta. Na kama bel ɗin wuyanta ina datsa, ɗan almakashin yana tauna shi zare-zare, har ya tsinke. Ta ja numfashi guda, mai ƙara kamar an yaga zani.

"Makullin yara," in ji ta. "Daga waje, Mama."

Na yanke nawa bel ɗin. Na lalubo makullin motar a ramin da ke tsakaninmu. Ban taɓa riƙe shi ba, ban san wane maɓalli ne na me ba. Na danna ɗaya, but ya buɗe, na ji kwakwa suna gangarawa a kan katako suna faɗawa ruwa.

Wani hannu ya kama wuyan hannuna. Sanyi, jiƙe, yatsun sun zagaye shi har sun yi saura.

Na caka masa almakashin.

Abin ya yi wata ƙara da ba zan iya rubuta ta ba. Ya sake ni.

Na sa makullin a baki, na tura kaina ta rabin gilashin da na bari a buɗe. Kafaɗu suka wuce. Gilashin ya fara hawa. Ya kama ni a ƙugu, yana matsawa, na ji wani abu ya ɓalle a cikina. Na tokare ƙafa a kujera na tura, fatar cinyata ta bi bakin gilashin.

Na faɗo a kan gada.

Ban iya miƙewa ba. Na ja ciki na zagaya ta bayan motar. Hon ɗin yana nan yana kuka, ma'ana har yanzu Rusdiana tana danne.

Na tofo makullin na danna duk maɓallan.

Jiniyar ta ɗauke. Ƙwas.

Na kama hannun ƙofar baya na miƙe da shi. Na buɗe ta har ƙarshe, na matsa gefe, na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa babbar baƙuwa.

"Mun iso," na ce, jini yana bin haɓata. "Ku sauka lafiya. Ba da gangan muka yi ba, ku yi mana haƙuri."

Ban ɗago ba. Ƙasan jiƙaƙƙen zani kawai na gani, da kwando. Ƙafafun ban gan su ba.

Ta tsaya a gabana. Ta miƙo hannu, irin na sallama. Ba a ƙin hannun baƙo. Na ba ta nawa.

Ta riƙe. Ta matsa, a hankali, har yatsuna suka bi juna suna karyewa.

Sai ta saki. Ruwan ƙarƙashin gadar ya yi cuɓul.

Bayan motar ya taso daidai. Hon ya ɗauke. Kujerar ta koma baya da ɗan kukanta, ta tsaya inda Rusdiana take ajiye ta kullum.

Na rarrafa wurinta. Idonta a rufe, leɓenta ya yi shuɗi. Na ɗora hannuna mai lafiya a kan cikin, ina kiran sunanta, ina kiran sunan Allah. Babu motsi. Na daɗe a haka, sauro suna cin raunukana.

Can sai aka shure ni daga ciki. Ƙaramin shuri, amma shuri ne.

Wani mai motar ɗaukar kwakwar manja ne ya tsince mu ya kai mu asibiti. Ba a yi wankan ba. Rusdiana ta haihu kafin lokacinta, mace, 'yar mitsitsiya, muka sa mata Galuh. A gadon bayanta akwai wani lanƙwasasshen tabo kamar jinjirin wata. Likita ta ce tabon haihuwa ne. Ni na san faɗin sitiyarin nan.

Sahrani bai sayar da motar ba, ya ce wayoyinta ne ruwa ya shiga. Ban yi musu da shi ba. Na dai sa shi ya ɓalle ƙarfen makullin yaran nan a gabana, kuma duk tafiyar da za a yi ni ke zama a kujerar bayan direba, Galuh a cinyata. Hannuna na dama bai sake miƙewa ba, da hagu nake wannan rubutun. A unguwa ana cewa wai ni Hamsiah na zama mai girman kai tun da surukina ya yi mota, ina wuce mutane ko tayi ba na yi. Na bar su suna faɗa.

Galuh ta fara magana yanzu. Na koya mata gaisuwa, na koya mata sumbatar hannun manya, na koya mata komai ban da wannan guda ɗaya. Amma yaro yana da kunne. Ranar Juma'ar nan muna dawowa daga gidan Jumantan da yamma, Sahrani ya tsaya a bakin gadar don wata babbar mota ta wuce. Galuh ta leƙa ta gilashi, ta ɗaga wa bakin ruwa hannu, inda ni ban ga kowa ba.

"Kaka, zo mu rage miki..."

Na toshe mata baki da tafin hannuna. Muka hau gadar, motar ta yi ƙwas. Sahrani ya ce ai kullum haka take yi in ta fara gudu. Na ce haka ne. Har muka iso gida ban kalli kujerar da ke gefena ba.