Baƙin Dutsen da Aka Farfasa

Ƙarar ta fara ji kafin ta ga komai. Mai gyaran famfo ne ya shigo ɗakin gwaji da sifana a hannu, babban maganaɗisun na'ura ya fizge ta, ta taso kamar harsashi ta nufo kanta. Sai ji ta yi an hankaɗe ta ƙasa. Da ta ɗago, sabon injiniyan ɗakin ta gani durƙushe, jini na malala daga girarsa.

"Dutsenki dai bai fashe ba ko?" ya ce.

"Kai da goshinka ya tsage, ta dutse kake yi?"

Shekara biyu ta yi tana renon dutsen nan don digirinta na uku, ɗan baƙin ƙarfe da bai fi ƙwayar wake ba. Tana manna wa injiniyan filasta tana yi masa bayani: ƙarfen ciki iri biyu ne, lantarki na tsalle tsakaninsu, amma in an sanyaya shi sosai sai kowa ya ja layi ya tsaya, wuta ta kusa daina wucewa. Yadda suke jeruwar take son ganowa.

Shi ke kula da injin sanyin, don haka ya raɗa mata Ƙanƙara.

"Ƙanƙarata, inji ya kai sanyin da kike so. Ni ne dai na kasa samun sanyi tun fitarki."

"Injiniya, ka ci abinci tukuna. Daɗin baki ba ya cika ciki."

Ranar da ta ce Injiniya take son aura, Babanta, tsohon soja, ya buga tebur har kofi ya faɗi. "Mai ɗaure kusoshi? Ga Dakta guda yana zuwa gaishe ni?"

Daktan babba ne a sashensu. Aurenta yake so, yana kuma so ta sa sunansa a aikinta. Duk biyun ta ce a'a.

Wata safiya ta tarar da dutsen ya zama gari, gudumar Injiniya na yashe a gefe. Dakta ya girgiza kai. "Da idona na ga Injiniya yana farfasa shi. Haushin maganar Baba yake hucewa."

Ta rubuta wa Injiniya saƙo: "Kada ka ƙara kirana."

Yayanta da ya ga kukanta bai tsaya tambaya ba. Da rana tsaka ya tare Injiniya a bakin ƙofar jami'a, ya kai shi ƙasa da naushi, ya bi shi da takalmi. Ta iso da gudu tana ihu, a kunnenta haƙarƙarinsa ya karye. Injiniya ko hannu bai ɗaga ba, ita kawai yake kallo.

Abin ya tsaya mata a rai. Mai laifi ba ya kallon mutum haka. Ta je ofishin masu tsaro ta sa aka duba wanda ya buɗe ɗakin. Da katin shiga na Dakta aka buɗe ƙofar.

Da ta tunkare shi, ya damƙi wuyanta ya haɗa ta da bango. "Wa zai yarda da ke?" Ta laluba ta samu kujerar ƙarfe ta sheme shi da ita a gwiwa. Masu gadi suka same shi yana birgima. Kafin mako ya fita an kore shi.

A asibiti ta durƙusa gefen gado. "Ka yafe mini, masoyina."

"Na yafe. Duk awon da muka yi kuma na adana, aikinki bai mutu ba. Dariya kawai kar ki sa ni, haƙarƙarin ba ya so."

Sai ga Baba ya shigo riƙe da kwalar Yaya. Ya miƙa wa Injiniya sandarsa. "Ga shi nan. Rama."

"Baba, ai ba a dukan yayan amarya."

Tsohon ya ƙura masa ido. "Wa ya ce maka amarya ce?"

"Bakinka nake jira."

Baba ya juya wai yana gyara hula, amma kowa ya ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, Yaya ne ma ya tuƙa motar ango. Baba ya dafa kawunansu.

"Na so in ba ta mai muƙami, Allah ya ba ta mai hali. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Ta sunkuyar da kai ta ce amin, hannunta cikin nasa.