Kunnen Jitar Mijinyawa

An yi sadakar arba'in ta Mijinyawa mai jita a Bodinga cikin daminar 1983. Washegari ƙanensa Ɗahiru ya fito da akwatin jitar zaure, ya ciro ta, ya haɗa ta da lasifika da batirin mota, don shi zai maye gurbin yayan a ƙungiyar kiɗansu. Ya tura maɓalli tsakiya kamar yadda marigayin ke yi, ya taɓa tsirkiya. Sauti ya fito mai kauri, cikakke.

Daga cikin gida Zulaihatu, matar mamacin, ta yi magana ta bayan asabari.

"Ɗahiru, wagga ba muryar jitatai ba ce."

Duk wanda ya taɓa jin Mijinyawa ya san muryar: siririya, mai fita ta hanci, kamar gurmi yana kuka. Ɗahiru ya duba da kyau. Jitar tana da abubuwa biyu ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda makaɗa ke ce wa kunne: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Kunnen da ke kusa da wuya ba nata ba ne. An cire na asali, an sa wani.

Kafin Saje Attahiru ya iso, samari sun riga sun jawo Garba mai gyaran rediyo zuwa caji ofis, rigarsa a yage. Shi kaɗai aka sani da aikin waya da dalma a garin, kuma shi aka kai wa jitar bayan hatsarin motar da ya kashe mai ita. Tun da gwamnati ta tsuke shigo da kaya, kunnen jita ko a Sakkwato ba a samunsa. Mutane suka ce sayarwa Garba ya yi.

Saje ba ya son laifin da gari ya gama yanke wa hukunci kafin a yi tambaya. Ya kori samarin, ya ajiye jitar a tebur.

"Garba, mi ka yi mata?"

"Ranka ya daɗe, marfin baya ya tsage, na liƙe. Na gwada ta, muryarta na nan."

"To ina muryar ta tahi?"

Garba ya roƙi a ba shi sukuddireba. Ya buɗe, ya nuna wayoyi biyu da ke fitowa daga baƙon kunnen, fara da baƙa.

"In an ɗaura su daidai, kamar haka, kunnuwan biyu suna tura sauti waje guda, sai ya yi kauri. In an juya na guda, wanga na turawa wancan na ja. Kaurin ya cinye kansa, siririn ya rage. Ni na juya mashi su, da kuskure, tun zamanin soja. Da ya ji ya ce kar in kuskura in gyara. Har jan zare na ɗaura wa wayar don kar in manta."

"Wa ya san haka?"

"Ni da shi. Ya ce in rufe baki."

"Wa ya amshi jitar hannunka?"

"Nuhu, ranar sadakar ukku."

Saje ya koma gidan rasuwa. Ɗahiru ya ce ranar sadakar bakwai Nuhu ya kawo ta, kuma tun ranar akwatin na ƙarƙashin gadon Zulaihatu, wadda takaba ta zaunar a ɗaki. Ta ce ko ƙuda bai taɓa shi ba.

Nuhu shi ne mai jita ta biyu a ƙungiyar, abokin Mijinyawa tun suna firamare, shi ya kama gawarsa aka sa a kabari. Ranar da Saje ke nemansa yana garin Shagari, wata jam'iyya ta ɗauke shi kiɗan taron neman ƙuri'a. Saje ya ɗauki Garba a bayan babur suka bi titi, gero kore shar dama da hagu.

Sun tarar ana kafa rumfa, janareta na ruri. Saje ya tsaya nesa ya saurari Nuhu yana gwaji. Sautin mai kauri ne, irin na kowa. Nuhu yana ta tura maɓalli sama, ƙasa, tsakiya, yana girgiza kai.

Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a.

"Malam Nuhu, jitar marigayi ta kwana wurinka?"

"I, sai da hankalin gida ya kwanta na kai."

"An yi mata sata."

"Na ji labari. Garba bai kyauta ba. Na wuyan nan shi ne ran jitar."

"Wa ya ce maka na wuya anka cire?"

Saje ya nuna jitar Nuhu.

"Garba, buɗe tashi."

Dalmar da ke ciki sabuwa ce, an ɗiga ta dunƙule-dunƙule, aikin wanda ya koya da kallo. A jikin baƙar waya akwai jan zare.

Saje bai ɗaga murya ba.

"Ɓarawon kasuwa jitar duka zai ɗauka. Ɗahiru kuwa tashi ce, ba ya satar abinshi. Da Garba ne, da ya juya wayoyin baƙon kunnen yadda suke da, sautin ya fito siriri, har abada ba mai ganewa. Wanda ya yi aikin ga ya ɗaura su daidai, don bai san an juya su ba. Kuma ya aje nashi kunnen a gurbin, ke nan yana da jita. Ba kuɗi yake nema ba, muryar yake so. Mai jita a ƙasar ga da ta kwana hannunshi, kai ɗai ne."

Nuhu ya zauna a kan akwatin lasifika.

"Duk inda munka je, sunanshi aka kira. Da ya rasu na ce ko yanzu a ji ni. Na sa shi, na kaɗa, na kaɗa. Sautin ba shi ciki, Saje."

Saje ya ce, "Ba ya cikin maganaɗisu. Wayoyi biyu ne anka juya. Da kunnenka na da ma sai ta yi."

Nuhu ya ɗago ya dubi Garba. Garba ya gyaɗa kai.

"Tun muna yara nike gefenshi," in ji Nuhu. "Tuwonshi na ci, rigatai na ara. Da na tambaye shi, da ya gaya mani."

"To mi ya hana ka?"

Mai shela ya fara kiran sunan Nuhu a lasifika, jama'a na tafi. Nuhu ya miƙe, ya miƙa wa Garba jitar da hannu biyu, ya bi Saje ta bayan rumfa.